Lambar da Filimon Ya Bari

Abin da Malam Filimon ya bar wa matarsa Saloma bai taka kara ya karya ba: gida mai ɗaki biyu a Tibiri, tabarau mai ƙafa ɗaya, da wani ɗan gem na hannu, ruwan toka, mai cin pil biyu, wato batir. Tun da ya ajiye aikin koyarwa a lakwal, makarantar boko, kullum yana gindin dogon yaro da abin nan a hannu, tubala suna faɗowa yana jera su. Shekara shida Saloma tana yi masa tsiya, wai tsoho da furfura ya koma wasan yara, shi kuwa ko a jikinsa.

A saman gilashin gem ɗin, can gefen dama, akwai lamba mai gida biyar, wato maki mafi yawa da aka taɓa ci. Mako guda kafin ciwo ya kwantar da shi ya kafa ta. Ya ƙwala mata kira tana tsakiyar tuyar ƙuli-ƙuli, ta fito a guje tana zaton kunama ce, ya nuna mata yana washe baki. Ta ce, "To, in dahwa maka ita ka ci?" Har yau in ta tuna wannan amsa sai zuciyarta ta yi zafi.

Lambar ba ta da wurin zama sai a cikin wutar pil. Ya taɓa gaya mata cewa in pil suka yi sanyi a canza su da sauri, kafin a ƙirga biyar, in ba haka ba komai ya goge. Bayan rasuwarsa ta canza sau uku, kuma sau ukun lambar ta tsira.

Ba ta iya wasan ba, ba ta kuma nemi ta iya ba. Ganin lambar kawai take so, ganin kuwa aiki ne, don gilashin ba shi da hasken kansa. A ɗaki duhu, da tsakar rana ƙyalli. Sai rana ta yi sanyi take zama a ƙofar ɗaki, ta juya mata baya, ta maƙala tabarau ɗin marigayi, ta yi inuwa da gefen gyale, ta yi ta karkata abin har baƙaƙen lambobin su fito. Ta dube su, ta saurari ɗan kiɗan da gem ɗin ke yi, ta kashe. 'Yarta Damaris tana Yamai, sai ran Lahadi take kira. Sauran kwana shidan, wannan ce hirar gidan.

Yatsun mai ƙuli-ƙuli ba sa rabuwa da maiƙo, gilashin ya yi ta dushewa. Saloma kuwa mace ce da ba a taɓa kama kwanonta da dauɗa ba. Ta ɗebo toka, ta jiƙa soso, ta dirje shi yadda take dirje faranti. Garin neman gira aka rasa ido. Gilashin ya yi fari kamar idon da yana ta rufe, duk inda ta karkata shi ba ta ganin komai.

Kwana uku ta jure. A na huɗu ta ɗaure gem ɗin a bakin zane, ta hau kabu-kabu zuwa Maraɗi, Sabon Gari, rumfar wani mai gyaran rediyo da waya da aka kwatanta mata, Zakariya'u. Duk hanya tana bitar abin da za ta fara faɗa: kada a taɓa pil.

Amma wa ke faɗa wa mutum da buƙata ba gaisuwa? Ta yi sallama, ta miƙa masa abin, ya karɓa da hannu biyu ya tura mata benci.

"Inna, sannu da zuwa. Ina gajiya?"

"Babu gajiya, ɗana. Ina aiki?"

"Aiki da godiya. Daga ina haka da ranar ga?"

"Daga Tibiri."

"Kai, sannu. Ina mutanen Tibiri? Ina gida?"

Zakariya'u gwani ne, kuma gwani bakinsa daban hannunsa daban. Ƙa'idar da maigidansa ya koya masa ita ce, duk abin da ya hau teburi a fara raba shi da wuta. Kafin Saloma ta gama amsa lafiyar gida, pil biyu suna kwance kusa da sukurdireba.

Ta ƙirga a zuci. Ta wuce biyar, ta wuce goma.

"Da mi kinka goge shi, Inna?"

"Da toka."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Wanga ba kwano ba ne! Amma kada ki damu, murhin sama kaɗai ya lalace, na cikin lahiya lau."

Ya ɓamɓare farar robar da ke saman gilashin, ya yanko sabuwa daidai wurin, ya manna, ya mayar da pil ya kunna. Kiɗan ya tashi. Tun da aka sayi abin bai taɓa fitowa tas haka ba, ko tabarau ba ta nema ba. A gefen dama sifili biyar ne a jere.

"Kina gani yanzu?"

"Ina gani sarai," in ji ta. "Allah shi yi albarka."

Ba ta gaya masa ba. Mutumin ya yi aikinsa da kyau, me za ta ce masa?

A bayan kabu-kabu ta lallashi kanta cewa lamba ai lamba ce, za ta rubuta ta a bango inda ba ruwanta da pil. Tana isa gida, ko gyale ba ta cire ba, ta ɗauki gawayi ta tsaya a jikin bangon ɗaki. Ta san da huɗu ta fara, ta rubuta huɗu. Na biyun takwas ne, ko uku? Shekara guda da rabi tana kallonta kullum, ba ta taɓa haddace ta ba, don ba ta taɓa zaton za ta nema ta rasa ba.

Ta daɗe a tsaye da gawayin a hannu. Sauran huɗun ba su zo ba, kuma duk duniya mutum ɗaya ne ya san su.