Hotunan da ke Wayar Tela

A bakin mai kitso maganar ta shigo gidan Malama. Tana tsaka da tsaga mata furfura sai ta sassauta murya, kamar akwai wani a ɗakin ban da su biyu, ta ce ai duk layi an sani: tela ya zautu a kan yarinyar nan mai kemis. Matarsa ta ari wayarsa za ta ɗauki jikarsu hoto, sai ga fuskar mai kemis jere reras, har yatsa ya gaji da ja. Matar ta haɗa kayanta ta koma gidan 'yarta.

"Ke kin gani da idonki?" in ji Malama.

"Ni? A'a. Amma wadda ta gaya min ba ta ƙarya."

"Ita ta gani?"

Mai kitso ta ɗan ja gashin da ƙarfi.

Telan nan ƙanin Malama ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya shi, kuma har yau da gemunsa fari fat Auta take ce masa. Ba ta taɓa ɗaukarsa waliyyi ba. Ta san shi da taurin kai da zurfin ciki. Amma ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da kimiyya, tana cika wa ɗalibai kunne da cewa ba a rubuta sakamako kafin a yi gwaji. Ta kuma daɗe da lura cewa duk abin da aka ce kowa ya sani, in ka bi diddigi mutum ɗaya ne ya gani, shi ma da gefen ido. Ana gama kitson ta ɗauki jakarta da tabaranta.

Ta tarar da matar ƙanin nata, wadda suke kira Maman Biyu, zaune a bakin gado a ɗakin 'yarta, ido ya kumbura, akwati a gefe ko buɗe shi ba a yi ba. Wayar tela na ƙarƙashin matashi. Da ita ta fito, ta bar masa cajar.

"Yaya, ba hotunan ne suka fito da ni ba," in ji ta. "Na tambaye shi, ya rantse bai ɗauka ba. Na ce to, me ke tsakaninka da ita da kake kiranta safe da yamma? Sai ya sunkuyar da kai. Tun muna da ƙuruciya mutumin nan bai taɓa yi min shiru haka ba. Yarinya sa'ar 'yarsa, Yaya! Da wane ido zan dubi mutane?"

Malama ta sa tabarau, ta karɓi wayar. Gaskiya ne, ga yarinyar nan da farar rigar aiki, murmushi iri ɗaya, an maimaita shi har ya daina kama da murmushi.

"Wannan ai hoto ɗaya ne. A ina ya ɗauke ta?"

"Ba da kyamara ba ne, Gwaggo," in ji 'yar tela daga bakin ƙofa. "Sikirinshot ne, hoton abin da ke fuskar waya. Wannan hoton da ta sa a lambarta ne, yana fitowa in an kira ta. Sai mutum ya danna maɓallin kashewa da na rage ƙara lokaci guda."

"Kin ji ko? Lokaci guda," in ji Maman Biyu. "Sai da niyya."

Malama ta ciro tata wayar ta gwada. Da farko ƙara ta rage. Ta sake, wayar ta mutu gaba ɗaya, sai da aka kunna mata. Sai da ta ciji leɓe ta matse maɓallan da hannu biyu sannan fuskar ta yi wal, ta yi ɗan ƙas. Ta zauna tana kallon yatsunta. Auta, wanda ko lamba bai iya ajiyewa ba sai an ajiye masa, shi ne ya ƙware a wannan?

Ta koma kan hotunan, wannan karon a hankali, tana duba abin da ke tsakanin fuskokin. Hoton agogon waya. Hoton gargaɗin caji ya kusa ƙarewa. Hoton baƙin allo, ba komai a kai. Sai ga wani ƙaton mutum mai sanƙo yana washe baki.

"Wannan fa?"

Maman Biyu ta leƙo. "Mai sayar masa da zare ne."

"Shi ma ya fito da yawa. Shi ma sonsa yake yi?"

'Yar ta ƙyalƙyale da dariya, uwar ta harare ta. Malama ta ci gaba da ja baya. Hotunan suna raguwa, daga kullum zuwa jefi-jefi, har ta kai farkon bara, inda babu ko ɗaya.

"Ko ma mene ne, ita ya fi kira," in ji Maman Biyu. "Wannan ki ba ni amsarsa."

Malama ta cire tabarau. Ta jefa wayar a jaka ta ce za ta dawo.

Kemis ɗin a kan hanyar shagon tela yake. Ba kowa a ciki sai yarinyar, tana goge kantar da ba ta da ƙura. Da ganin Malama ta san abin da ya kawo ta.

"Mama, matan layin nan sun daina shigowa. Jiya wata ta tofar da yawu a ƙofata." Ta ajiye tsumman gugar. "Amma abin da mutum ya saya a wurina tsakanina da shi ne. Ki tambaye shi."

"Na gode, 'yata. Ba zan matsa miki ba."

Shagon tela ya ba ta mamaki, don ta kwana biyu ba ta shiga ba. Yadudduka jibge a kan tebur, an yanka ba a haɗa ba. Wata riga rataye, ɗinkin wuyanta ya karkace kamar na ɗan koyo. Auta kuwa mutum ne da ke farke ɗinki gaba ɗaya saboda zare ɗaya ya kauce. Yana zaune bayan keken ɗinki, ya tura hannun dama ƙarƙashin wani yadi a cinyarsa.

"Yaya, in faɗa kika zo yi, an riga ki."

"Ban zo faɗa ba. Ga wayarka. Kira ni."

"Ga ki a gabana."

"Na ce ka kira ni, Auta."

Ya miƙo hagu. Ta janye wayar.

"Yaushe ka zama bahago?"

Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da yake mata tun yana yaro in ta kama shi da abin da ya ɓoye a baki. Sannan ya zaro hannun dama. Hannun yana kaɗawa, babban yatsa na gogar manuni kamar mai murza zare. Ya karɓi wayar, ta fara karkarwa a tafinsa, sai ya damƙe ta da ƙarfi don ta tsaya, jijiyoyi suka tashi. Yatsunsa suka sauka a gefen, daidai inda maɓallan biyu suke. Fuskar wayar ta yi wal, ta yi ɗan ƙas.

Malama ta buɗe masa hotunan, ta nuna masa sabon.

"Ashe ni ne," ya ce a hankali. "Wallahi Yaya, na ɗauka hasken nan lalacewa ce wayar ta fara."

Ta ja kujera ta zauna kusa da shi. Ta kama hannun ta riƙe a nata, yana ta motsi kamar tsuntsun da aka kama.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Tela da hannu na rawa? Wa zai sake kawo min yadi? Ita kuma kin san ta da hawan jini, ƙaramin abu ke kwantar da ita."

"Sai ka gwammace ta ɗauka amanarta ka ci?"

"Wannan za ta yi fushi ta huce, Yaya."

Malama ta saki hannun. Ta tashi ta rufa wa keken mayafinsa, ta ɗauko kwaɗo daga kan ƙusa.

"Kar ki gaya mata."

"Ba zan gaya mata ba. Tashi."

Ita ta kulle shagon, don makullin ya ƙi shiga masa. Suka bi layin tare, ta gaban kemis, ta gaban matan da suka yi tsit a ƙofar gida suna bin su da ido. Bai sa hannun a aljihu ba, don Malama ta riƙe shi.

Maman Biyu na nan a bakin gado. Da ta gan shi ta kau da kai. Malama ta saki hannunsa, ta ja 'yar suka tsaya a bakin ƙofa.

Tela ya tsaya a tsakar ɗakin, hannun na kaɗawa a gefensa.

"Maman Biyu, hannuna ke rawa, tun bara," ya ce. "Na je asibiti. Maganin yana wuyar samu, yarinyar ce ke nemo min. Likita ya ce ba ya warkewa."