Ƙyauren Malam Bawa

Mujahid, kai ka sa aka tattake ƙyauren mijina da takalmi. Kai ɗan ƙanena Labaran, ba wani bare ba.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo Gidan Goga, gawa ta fi makara yawa. Sai maza suka ciro ƙyauren ɗakina, a kansa aka ɗauki Malam Bawa zuwa maƙabarta. Da muka gudo Talata Mafara na bar turmi, na bar tukwane, amma ƙyauren nan sai da aka ɗaura min shi a mota. A tsaye na ajiye shi cikin ɗaki. Ko jikokina ba su jingina da shi.

Ka zo daga Abuja da sabulu da sukari, ka durƙusa, ka yi ta gaisuwa. Ka ce kai mai zane ne, wai akwai wani gida can inda masu hali ke sayen hotunan wahalarmu su rataye a falo, kana son ka kunyata su. Ka ce aro ne, in sun gani za su yi kuka. Na ba ka.

Sai ga ɗiyata Murja da waya a hannu. Ashe shimfiɗa shi ka yi a bakin ƙofar gidan, duk mai shiga sai ya bi ta kai. Na ga wata mai takalmi da tsini ta tsaya daidai inda kan Malam ya kwanta, tana dariya, ana ɗaukarta hoto.

Da na kira ka, ka ce, "Gwaggo, ai aikin ke nan, su gane a kan gawarmu suke tafiya."

Na ce, "To sun gane?"

Sai ka ce mai gidan ya sayar wa wani Bature ba da saninka ba, wai kai ma an cuce ka, har ka zage su a jarida. Ni ban iya karatu ba, kuma zagin bai cika min gurbin da ke bangon ɗakina ba.

Na je Maradun na faɗa wa ubanka komai, ya kasa kallona. Yanzu abin da nake so, ka kawo mai gidan nan gabansa, ina zaune. Ya faɗi wanda ya ba shi izini, ya faɗi ƙasar da ƙyauren yake, da ranar da za a maido shi. In ya ƙi zuwa, kai za ka amsa.