Gicciyen Direba

Mai walda ya gitta ƙarfe a kan ƙarfe, ya ɗiga musu wuta kaɗan, ya janye hannu. Haka yake so. A ido a ga kamar ya kama, amma in an kafa gicciyen a kan kabarin, iskar farko ta kayar da shi, kowa ya gani.

Kabarin direban da ya take masa ɗa ne. Kotu ta sake shi, ya ci gaba da yawonsa har ciwo ya ɗauke shi. Matar direban ce ta kawo aikin da kanta, idonta a ƙasa, don duk unguwar babu wani mai walda.

Matar mai walda ta shigo shago da kwanon abinci, ta leƙa aikin.

"Maigida, wannan walda ce ko yawu ka shafa?"

"Ajiye kwanon ki tafi."

"Zan tafi. Amma ba kai ne kullum da asuba kake rufe ido ka yi tsit ba, wai kana share ɗakin zuciya don Yesu ya sami wurin zama? Babur ka bayar. Kujerar dattawan coci ka bari. Har rigunan yaron ka sa na rabar ina kuka, ka ce kada mu riƙe komai."

"Ban riƙe komai ba."

"Direban fa? Shi ka shimfiɗa wa tabarma a tsakar ɗakin. Matarsa ma ta binne shi, kai ka hana shi tafiya."

Ya buga guduma a kan benci har kwanon ya yi tsalle. Ta fita ba ta waiwaya ba.

Ya rufe fuskarsa da baƙin gilashin walda. Shago ya ɓace, titi ya ɓace, sai duhu irin na addu'arsa ta asuba. Ya tsaya a cikin duhun ya duba, kamar yadda ya saba. Ya nemi fuskar ɗansa, ta ƙi zuwa sai dishi-dishi. Ta direba kuwa ga ta ƙarara: gashin baki, giɓin haƙori, murmushin nan na ƙofar kotu. Ashe bayan ran yaron, har wurinsa mutumin ya cinye.

Ransa ya ɓaci fiye da dā. Ya kunna inji, ya bi gaɓar da wuta ciki da baya, ya sake bi, yana cizon leɓe, har ƙarfen ya yi ja.

Da yamma matar direba ta zo. Ta jijjiga gicciyen, ko motsi bai yi ba. Hawaye ya cika mata ido.

"Baba, ka yafe masa ke nan?"

"Ban yafe ba, 'yata," in ji shi, yana naɗe waya. "Ɗauki ki kai masa. Na yi shi yadda ba zai taɓa faɗuwa ba, don kada a sake dawo mini da mijinki."