Ɗigon Mai a Kofin Goggo Evanthia

Lefteris ya buɗe baki zai kira matarsa, iska kawai ta fito. Murya ta shaƙe. Yau da yamma kuma shi ne zai hau tsohon dandalin dutse na ƙauyen, ya fito a wasan kwaikwayo a matsayin jarumin da alloli suka yi wa hassada har suka ga bayansa.

Bai yi dogon tunani ba. Thanasis ne ya yi masa baki. Jiya a shagon kofi, bayan gwajin wasan, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai mai burodi, muryar nan taka har kifin teku na jin ta!" Kuma bai yi tofin da kowa ke yi bayan yabo don kare baki ba. Ga shi a wasan, Thanasis mashi kawai aka ba shi ya riƙe ya tsaya a baya, ba a ba shi ko kalma ɗaya ba.

Ya rufe gidan burodi ya tafi wurin Goggo Evanthia, mai cire kambun baka. Ya tarar tana ɓare wake. Ya raɗa mata sunan.

"Thanasis? Wanda ko kishin matarsa bai iya ba?"

"Goggo, alloli ma sun yi hassada, balle shi."

"Su ai sun sami wanda za su yi wa. Zauna."

Ta cika kofi da ruwa, ta yi alamar gicciye a kansa tana motsa leɓe, ta ɗiga man zaitun da ɗan yatsa. In da baki a kansa, man zai watse. Lefteris ya sunkuyo. Ɗigon ya zauna a saman ruwa, dunƙule, lafiya lau.

"Sake," in ji shi da ƙyar.

Ta sake. Bai watse ba.

"Sanyi ne. Ka taso daga bakin tanda da gumi ka ɗirki ruwan ƙanƙara, halin ubanka sak. Ɗana, babu mai hassadarka a garin nan. Ka gode wa Allah."

A bakin ƙofa ya tarar da Thanasis kan babur, riƙe da kwalbar zuma.

"Don Allah ka warke, ɗan'uwa. Wai in ba ka iya ba, ni zan hau a madadinka. Ni da ko layi ɗaya ban riƙe ba!"

Lefteris ya daɗe yana binciken fuskarsa. Bai sami ko alamar hassada ba, sai tsoro. Ya karɓi zumar, bai ce na gode ba.