Sunan Jaɓɓo a Bakin Uwarsa

Na'ima tana koyon aikin gyaran ɗabi'ar yara ta kiran bidiyo, daga wani ɗan ɗaki a Illela. Mai horar da ita, Malam Zakari, yana Sakkwato. Yakan shiga kiran ya rufe kyamararsa, ya yi tsit yana kallo. Yaron da aka ba ta shi ne Jaɓɓo, ɗan wata Bafulatana mai suna Asta a Tozai. Ba ya magana, in ransa ya ɓaci sai ya dinga buga kai da ƙasa.

Abin da ake so ba wuya: uwa ta kira sunan yaro, in ya waiwayo ta yabe shi. Asta kuwa ko kusa. Sai ta kau da kai tana gyara mayafi, ta ce "kai, wane," kamar ɗan maƙwabta.

"Matag ga ba ta son ɗanta," in ji Malam Zakari bayan an gama. Shi dama mutum ne mai saurin yanke hukunci. "Ko kuma akwai mai harararta bayan waya. In ba ta yi ba gobe, a ba wani yaro gurbin."

Hankalin Na'ima ya tashi, don ita ma zargin ya fara shiga ranta.

Washegari Asta ce ta riga ta magana. Ta sa yatsa a kan baƙin gurbin da ke allon.

"Malama, wa ke cikin wanga duhu? Jiya na ji tarin namiji."

"Malamina ne, shina duba aikina."

"Ku biyu ke nan. In kira sunan ɗan farina gaban mutane? Mi kunka ɗauke ni?"

Kunya ta lulluɓe Na'ima, ita da har yau ba ta taɓa jin mahaifiyarta ta ambaci sunan babban yayansu ba. Ta roƙi Malam Zakari ya fita daga kiran. Ya yi ta gunaguni wai ba haka tsarin yake ba, amma ya fita.

Sai Na'ima ta ce wa Asta: "Yaya, ki kife wayar. Ba ni ganinki."

Allon ya yi baƙi. Ba abin da Na'ima take ji sai kukan akuya. Can sai ga murya ƙasa-ƙasa, mai taushin da ba ta san Asta da shi ba: "Jaɓɓo." Sai takun ƙananan ƙafafu.

"Ya waiwayo?" Na'ima ta tambaya.

"Kullum shina waiwayowa," in ji Asta, "in ba kowa."