Irin Geron Baba

Ni dai a garinmu Fakuwa an daina yi mini sallama sau ɗaya, sai an yi uku kafin in ɗago kai daga waya. Goggo Ma'u, ƙanwar babana, har suna ta sa mini, wai Mannir mai sunkuye.

Da Baba ya rasu, ya bar mini gona da irin geronsa. Shekara talatin yana zaɓen zangarniyar da ta fi kyau yana ajewa, kuma babu mai irin wannan geron a duk yankin Kankia. Shi ba ya shuka don an yi ruwan fari. Sai ya tona ƙasa da hannu, in laima ba ta kai wuyan hannu ba, ya koma gida.

Ni kuwa da ruwan fari ya sauka, ko tonawa ban yi ba. Wani a zaurenmu na WhatsApp ya turo taswirar hasashen ruwa, ya ce damina ta zauna. Ban san shi ba, amma na yarda da shi kamar liman. Na juye buhun irin na shuke tas.

Kwana goma sha tara ko ɗigo. Tsiron ya fito ya ƙone ina kallo. Na ɗauki hoto na saka, mutum ɗari biyu suka ce Allah ya mayar da alheri, amma ko ɗaya bai da ƙwayar irin Baba. Na zauna a zauren gida na yi kuka, don na san na kashe abin da ba a sayowa a kasuwa.

Ranar da hadari ya dawo, Goggo ta dire wata tukunya a gabana. Gero ne cakuɗe da toka saboda ƙwari.

"Rabin irin ubanka ne," ta ce.

"Goggo, yaushe kika ɗiba?"

"Gabanka, ɗan nan. Kana zaune bisa buhun na ce ɗaga, ka ɗaga. Na ce zan ɗiba, ka ce uhm. Idonka na bisa waya."

Har yau ban san da bakin da zan gode mata ba, addu'a kawai nake yi mata.

Da safe na bar mata wayar na tafi gona. Na durƙusa na tura hannu cikin ƙasa, laima ta kai wuyan hannu, sannan na buɗe tukunyar.