Aron Murya

"Ɗaga murya mana, Maman Auta, na baya ba sa ji!" in ji shugaban makaranta ta taga.

Ni kuwa har maƙoshina ya bushe. Malama, maƙwabciyata, tana zaune gefen allo da ƙyalle naɗe a wuya. Ciwon maƙogwaro ya cinye mata murya, har aka fara zancen karɓe mata aji ɗaya. Shi ne ta roƙe ni in ara mata bakina, tunda duk layinmu an san ni da kwakwazo. Sai ta nuna harafi da sanda, ta raɗa min a kunne, ni kuma in kwarara wa yara sittin, har da Autata.

"Ba! Bi! Bu!"

Abin da ban taɓa gaya mata ba, ni ko sunana ban iya karantawa ba. Kunya ta hana, wallahi. In ta miƙo min littafi sai in ce idona ke yaji.

Daga baya raɗar ma ta ɗauke, ta kwanta. Ranar Talata da hantsi na shiga ɗakinta. Ba kowa, ƙanenta yana hanya. Numfashinta na fita da ƙara. Ta lalubo fensir, ta yi rubutu manya-manya irin na allo a wata takarda, ta miƙo min tana kallona.

Na duba, na gyaɗa kai kamar gaske.

"To, na gani, Malama. Bari in sauke tukunya in dawo."

Na soke takardar a bakin zani. Na sauke tukunya, na yi shanya, har na tsaya surutu a bakin famfo. Da na koma ta riga ta cika, fuskarta na fuskantar ƙofa.

Kwana uku takardar nan na ci na a rai. Da Auta ta dawo daga makaranta na jawo ta ɗaki.

"Zo nan, 'yar boko. Karanta min wannan."

Ta ɗora yatsa, tana motsa leɓe.

"Ka... kar. Ki. Ta... fi." Ta ɗago da murna. "Mama, na iya! Kar ki tafi!"

Na zauna a bakin gado.

"Sake," na ce.

Ta mayar da yatsanta kan harafin farko.